VLC ya ƙi buɗe mani bidiyo a Ubuntu

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Laftof ɗina Windows 10 ke kanta, sai wani yaro a Ƙofar Ƙaura nan Katsina ya sa mani Ubuntu 22.04 (shi ma tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows) a gefe. To bidiyon tafsirin da na tara duk suna ɓangaren Windows, a Ubuntu ina ganin su ƙiri-ƙiri amma VLC (manhajar kunna bidiyo) ya ce ba ya iya buɗewa, alhali in na kwafo ɗaya cikin fulda ta Home ta Ubuntu lafiya lau yake yi. Ta Snap (wata hanyar sauko da manhaja a Ubuntu) aka sauko da VLC ɗin. Na goge na maida har sau biyu, data ta tafi a banza wallahi. Izini ne bai da shi, ko in koma na apt (wata hanyar sauko da manhaja daban)?