Muhawara: Danna jiki zai iya cire firgici ya buɗe wa yaro karatu?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Wata mai aikin da ake kira kinisiyoloji ce ta ce yaron da ya kasa karatu ba daƙiƙi ba ne, wani tsoro ne ya maƙale masa a jiki. Sai ta sa shi ya miƙe hannu, tana danna hannun ƙasa tana yi masa tambayoyi. Inda hannun ya saki, nan matsalar take. Daga nan ta daddanna wasu wurare a fuska da ƙirji, wai sai karatu ya buɗe. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna yana aji huɗu, har yanzu yana rikita b da d. Ni dai maganar ta shige ni.

Mai Gashin Ƙashi: Wa alaikumus salam Yaya. Ilimin motsin jiki da muke karantawa a jami'a daban yake da wannan, suna kawai suka haɗa. Wannan gwajin hannu wani mai gyaran ƙashin baya ne a Amurka, George Goodheart, ya ƙirƙiro shi a 1964. Matsalarsa, mai dannawa ita ce alƙaliya. Amsar da take tsammani tana sa ta ƙara ƙarfi ko ta rage, ba tare da ta sani ba, ko da zuciyarta ɗaya. A 1988 an sa masu wannan aiki su gano sinadaran da jikin mutane ya rasa ta hanyar danna hannu, aka kwatanta da sakamakon ɗakin gwaji. Ba su fi mai canki-canka ba.

Hajiya Babba: Ɗan nan, ku komai sai kun ce Bature bai sa hannu ba. Tun kafin a haife ku ungozoma ke tausar mai jego. Sinawa kuma sun daɗe suna danna waɗannan wuraren. Jikata da aka kawo min bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu ba ta barci, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura. Wata baiwar Allah ta koya mata bubbuga gefen ido da ƙasan wuya tana faɗin abin da ke ba ta tsoro. Yanzu tana barci. Wannan da idona na gani.

Nas: Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ban ce danna jiki duk banza ba ne. Akwai wani wuri a cikin hannu, yatsu uku daga wuyan hannu, da bincike ya nuna danna shi na iya rage tashin zuciya, har ana sayar da abin ɗaurawa saboda masu amai a mota. Amma bubbugawar da kika faɗa, wadda wani Gary Craig ya yaɗa a shekarun 1990, an gwada ta a Kanada a 2003. Wasu suka bubbuga wuraren da aka ce, wasu suka bubbuga inda ba shi ba a hannu, wasu ma 'yar tsana aka ba su suka bubbuga. Tsoron duka ya ragu kusan daidai. Ke nan ba wurin ba ne. Zaman da aka yi da yarinyar, da furta abin da bakinta, da samun wanda ya saurare ta, su ne abin dubawa.

Hajiya Babba: To ai ya yi aiki ke nan! Ina ruwana da ta wace ƙofa sauƙin ya shigo?

Mai Gashin Ƙashi: In kyauta ne kuma yarinya na samun natsuwa, Hajiya, ba zan ce a daina ba. Gwajin hannun nake tsoro. A ce hannun yaro ya saki daidai lokacin da aka ambaci kishiyar uwarsa ko malaminsa. An samu wanda za a zarga ke nan, a kan abin da wataƙila bai taɓa faruwa ba, kuma yaro zai iya fara yarda cewa ya faru.

Malamar Aji Uku: Ni ɓangaren karatun zan taɓa. Akwai wani tsari na motsa jiki don buɗe ƙwaƙwalwa mai suna Brain Gym, Paul Dennison da matarsa Gail ne suka fito da shi a Kalifoniya, motsi 26 ne. Ya cika makarantun Ingila har zuwa 2008 da masana ƙwaƙwalwa suka taso masa, saboda bayanai irin na cewa murza ƙasan ƙashin wuya na ƙara tura jini kai. Ni ma ina tayar da ɗalibaina su yi tsalle su miƙe idan rana ta yi zafi, barci yana sakin su. Amma ban taɓa ganin wanda tsalle ya koya wa baƙi da wasali ba. Yaro mai rikita b da d sai an zauna da shi kullum, sauti bayan sauti, ba be bi bo bu, yana faɗa yana rubutawa, a harshen da yake ji. Kan haka aka gina littattafan Mu Karanta da aka yi aiki da su a Bauchi da Sakkwato. Hausa ma ta fi Turanci sauƙi a nan, don kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Maman 'Yan Biyu, an taɓa duba masa ido da kunne?

Maman 'Yan Biyu: Wallahi Malama ba a taɓa ba. Yana dai son zama dab da talabijin.

Nas: To fara da nan. Hajiya kuma, in zaburar ta dawo ko ta fara mugun mafarki, kada a tsaya kan bubbugawa. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jinyar tattaunawa da ƙwararre ga mai irin wannan firgici. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma ba mahaukata kaɗai ake kaiwa ba.

Hajiya Babba: Ku bar ni da maganar Kware, kada a ɓata wa yarinya suna tun ba ta yi aure ba.

Nas: Ba sai unguwa ta sani ba, Hajiya. Wasu manyan asibitoci ma suna da sashen a ciki, kati kawai za ki yanka kamar kowa.

Maman 'Yan Biyu: Zan kai shi asibitin ido ranar Litinin in Allah Ya yarda. Amma na riga na ba matar rabin kuɗi, kuma ta ce ba a mayarwa.