Na ga lambar motar sarai, amma haruffa uku kawai na riƙe

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya da yamma a Kwangila wata mota ta buge ɗan acaɓa a gabana ta gudu. Wallahi na ga lambarta sarai, amma da jama'a suka tambaye ni, haruffa uku na farko kawai na iya kawowa. Abin ya hana ni barci, domin da na riƙe ta, da an gano direban. Shin ƙwaƙwalwata ce ta fara rauni, in je asibiti?

Wani malami daga Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba wanda aka buge lafiya. Malam, ka kwantar da hankalinka, haka kowa yake. Duk abin da ido ya gani yana barin hoto a ƙwaƙwalwa, wanda yake gushewa kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. A 1960, George Sperling, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya riƙa haska wa mutane haruffa 12 a layi uku na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma idan aka ce su faɗi duka, 4 ko 5 suke kawowa. Amma idan aka sa wani sauti da zarar haruffan sun ɓace, mai nuna layin da ake so, sai su kawo kusan 3 cikin 4, ko wane layi ne. Ke nan hoton yana nan kusan cikakke, sai dai abin da hankali ya yi saurin tsamowa shi kaɗai yake tsira. Da aka jinkirta sautin da daƙiƙa ɗaya, wannan riba ta tafi.

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada:
Ni abin da na lura shi ne hankalinka yana kan bawan Allahn da ya faɗi, kuma can ya kamata ya kasance. Idonka ne kawai ya bi ta kan lambar. Nan gaba, Allah Ya kiyaye, ka furta lambar da ƙarfi kana maimaitawa har ka rubuta a waya, domin abin da kunne ya ji ya fi daɗewa da 'yan daƙiƙu. Kuma don Allah kada ka cike sauran da zato, kar a kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan kai wa 'yan sanda haruffa ukun da launin motar.