Sau nawa ya kamata a maimaita lissafin Monte Carlo?

Aminu Dawanau:
Assalamu alaikum. Mahaifina yana sayen masara a kasuwar Dawanau da kaka, ya ajiye a sito, ya sayar idan damina ta kankama. Na rubuta masa ɗan shirin kwamfuta da yaren Python wanda yake zaɓo farashin saye da na sayarwa da adadin buhunan da ƙwari za su ɓata, kamar ana jefa ƙuri'a, sannan ya fitar da riba. Na sa ya maimaita sau 1,000, amma duk lokacin da na sake kunna shi sai amsar ta ɗan sauya. Kuskure na yi?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Ba kuskure ba ne, halin wannan hanya ta Monte Carlo ke nan tun da masanin lissafi Stanislaw Ulam ya ƙirƙiro ta a 1946, yana neman sanin yadda wasan karta zai kaya, daga baya kuma aka raɗa mata sunan gidan cacan nan na Monte Carlo da ke ƙasar Monako. Wannan rawar da amsar take yi tana raguwa ne sannu a hankali, domin in kana son ka rage ta da rabi sai ka ninka maimaicin sau huɗu, in kuwa kana son ta ragu ninki goma, to sai ka kai 100,000. Ka kuma kafa wa shirin lambar farawa guda, wato lambar da kwamfuta ke fara jefa ƙuri'ar daga gare ta, yadda zai riƙa ba ka amsa iri ɗaya.

Injiniya Sani:
Bayanin Malama daidai ne, sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne zaɓo farashin biyu daban-daban. A shekarar da amfanin gona ya yi ƙaranci, masara takan yi tsada tun da kaka, ta kuma ƙara tsada da damina, saboda haka in ka raba su, kwamfuta za ta ƙera maka shekarun da ba a taɓa gani a Dawanau ba, kuma ko sau miliyan ka maimaita ba zai gyara wannan ba. Ka ɗauko littafin Baba, ka riƙa zaɓo shekara sukutum da farashinta biyu, kana mayar da ita kafin zaɓi na gaba, irin dabarar da masanin ƙididdiga Bradley Efron ya fito da ita a 1979. Kada kuma ka tsaya a matsakaiciyar riba, ka nuna masa sau nawa aka yi asara a cikin kowane ɗari, domin abin da ɗan kasuwa yake son ji ke nan.

Aminu Dawanau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Littafin yana nan, amma shekaru takwas kacal ke ciki, kuma Baba bai rubuta kuɗin dako da na hayar sito ba, don haka sai na zauna da shi bayan sallar isha'i mu cike su.