Neman sunan Hausa ga trombone da mai busa shi

Mai neman kalma, Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa wa ɗalibaina rubutu a kan wani gwanin busa mai suna Benny Sluchin, sai layin farko ya gagare ni, don abin da yake busawa ba shi da suna a Hausa. Turawa na kiransa trombone. Bututun tagulla ne da aka lanƙwasa, wanda in an miƙe shi zai kai kusan mita 2.7. Ba shi da huji ko maɓalli da yatsa zai danna. Bututu ne cikin bututu: hannun hagu ya riƙe, na dama yana tura na waje gaba yana janyo shi baya. In ya tura, hanyar iska ta ƙara tsawo, murya ta yi ƙasa. In ya janyo, ta hau. Matsaya bakwai ake koya wa ɗan koyo a kan wannan hanya.

Shi Sluchin an haife shi a Tel Aviv a 1948, ya karanci lissafi, ya je birnin Kolon na Jamus ya ƙara ilimin busa wurin wani gwanin trombone, Vinko Globokar. A 1976 ya shiga Ensemble intercontemporain, ƙungiyar da mai tsara kiɗa Pierre Boulez ya kafa a Paris. Aikin ƙungiyar shi ne fito da kiɗan da mutanen wannan zamani ke rubutawa, sau da yawa wanda kunne bai taɓa ji ba. A 1986 mai tsara kiɗa Iannis Xenakis ya rubuta masa wani kiɗa mai suna Keren, wato ƙaho da Ibrananci. To kalma uku nake roƙo: ta abin busar, ta mai busa shi, da ta irin wannan kiɗa.

Ɗalibi daga jami'ar Ɗanfodiyo: Malam, ai abin bai kai haka wuya ba. Asalin kalmar daga Italiyanci take, ma'anarta babban ƙahon ƙarfe. Mu kuwa babban ƙahon ƙarfenmu kakaki ne. A ce kakakin Turawa kawai.

Dattijo daga Kanwuri: Ɗana, bari in tsai da kai nan. Mu da munka tashi bakin fada mun san kakaki ba abin kowa ba na. In anka busa shi, ko makaho ya san sarki ya hito. Ba a busa ma attajiri shi komi kuɗinai. Wanga abu naku kau ɗan sanda na busa shi, yaron makaranta na busa shi wurin fareti. Ku nemo mai wani suna, ku bar kakaki inda kunka iske shi.

Mai neman kalma: Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓa hannu bibbiyu. Ina ma da ƙarin dalili. Kakaki gaɓa-gaɓa ne da ake harhaɗawa, amma da zarar an haɗa shi tsawonsa ya tsaya ke nan, muryoyin da yake fitarwa kaɗan ne, da su yake yi wa sarki kirari. Sannan kalmar ta riga ta ɗauki wani kaya: kakakin majalisa, kakakin rundunar 'yan sanda. Wanda ya ji kakakin Turawa a rediyo zai zaci wani jami'i ne zai yi jawabi.

Tsohon ɗan badujala, Gawon Nama: Malam, ni na riƙe abin nan da hannuna lokacin ina aiki. A bariki tirambon muke cewa, ba mu taɓa neman wani suna ba. Amma in dangi kuke nema, kada wani ya kawo algaita. Algaita ɗan kara ne a bakinta ke kaɗawa ya ba da murya. Wannan kuwa leɓenka ne ke kaɗawa cikin ɗan kofin ƙarfe, daidai yadda ake busa begila. Wanda ya iya begila, rana ɗaya zai fitar da sauti a wannan. Hannun ne zai ba shi wahala, don babu wata alama a jikin bututun da ke nuna maka ga inda za ka tsaya, kunne ne da sabo. Kuma in ba ka shafa masa mai ka fesa ruwa ba, ya cije maka ana tsakiyar maci.

Mai neman kalma: Yallaɓai, ka ba ni rabin sunan. Begila ta daɗe da zama 'yar gida a Hausa, kuma ba ta taɓa martabar kowa ba. Sauran rabin dole ya fito daga hannun nan da ka ambata, domin a kansa sana'ar irin su Sluchin ta tsaya. Ɗan badujala yana tsalle daga matsaya zuwa matsaya ne, ya ɓoye abin da ke tsakani. Su kuwa abin da ke tsakanin suke nema. Murya ta sulale daga sama zuwa ƙasa ba yankewa, kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata fata ta yi magana. A 1966 mai tsara kiɗa Luciano Berio ya rubuta wa Ba'amurke mai busa trombone Stuart Dempster wani kiɗa mai suna Sequenza V, inda mai busa ke rera sauti da maƙogwaronsa yana busa a lokaci guda, muryoyi biyu na fita daga bututu ɗaya, yana kuma rufe bakin ƙahon yana buɗewa da marufi har ya yi kama da furucin mutum. A 1989 mai tsara kiɗa Jan Sandström ya rubuta wa mai busa trombone Christian Lindberg na Suwidin wani kiɗa wanda a cikinsa abin busar ke kwaikwayon ƙugin babur yana canza giya. Ba a yin wannan da maɓalli. Saboda haka ina ba da shawarar begilar zuge. Muna zuge labule, muna zuge zif, abu ne da ke tafiya a kan hanyarsa ya dawo.

Ɗalibi daga jami'ar Ɗanfodiyo: Malam, da girmamawa, mun karɓi fiyano, mun karɓi jita, ita kanta begilar aro ce. Me zai hana tirambon ya bi sahu? In kuma dole ne, begila mai kai-komo ta fi bayani.

Mai neman kalma: Fiyano da jita yaro na ganinsu kullum a sutudiyo da gidan biki, sunan na da abin da zai kama a zuciyarsa. Wannan kuwa yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganinsa kusa ba. Tirambon ba zai nuna musu komai ba, begilar zuge za ta nuna musu baki da hannu. Mai kai-komo kuma ta yi tsawo, ba ta shiga jimla da sauƙi. Zan kawo tirambon sau ɗaya a farko don 'yan badujala su gane abinsu.

Malamar Hausa, Runjin Sambo: Malam, na goyi bayan begilar zuge, jam'inta begilolin zuge. Sai dai don Allah kada ka rubuta makaɗi. Hausa ta raba kiɗa da busa tun fil azal, shi ya sa fada ke da Sarkin Makaɗa daban, Sarkin Busa daban. Mabushi ne, jam'i mabusa. Batun kalma ta uku kuma, ka guji kiɗan zamani. Kowa zai ɗauka waƙar fim ce ko ta siyasa da ake haɗawa a kwamfuta. Abin da ya bambanta wancan shi ne wani ke zama ya tsara shi a takarda, da alamomin da wani lokaci shi ya ƙirƙiro su, sannan mabushi ya yi wata da watanni yana neman yadda zai fitar da shi. Sabon rubutaccen kiɗa ya fi kusa.

Mai neman kalma: Malama, na gode. Kalmar kiɗa na ɗan yi mini ƙaiƙayi a nan tunda busa ce, amma ita ce muke da ita mai rufe duka, haka zan bar ta. Ga layin farko yadda zai shiga rubutun ranar Litinin: Benny Sluchin mabushin begilar zuge ne da ya duƙufa kan sabon rubutaccen kiɗa tun 1976. Yallaɓai na Gawon Nama, in akwai wanda ka sani da ke da ita a gida, a taimaka a aro mana ranar, yaran su zuge ta da hannunsu.