Wai cin amanar Undertaker aka yi a 2014?

Ɗan Fagge: Jama'a, daren jiya na sake kallon karawar Undertaker da Brock Lesnar ta WrestleMania, babban taron kokawar Amurka na shekara-shekara, karo na 30, wadda aka yi a New Orleans a Afrilun 2014, wallahi har yau abin yana ci mini rai. Tun 1991 mutum yake shiga wannan fage, sau 21 ba a taɓa cinye shi ba, rana ɗaya a miƙa shi ga Lesnar kamar ragon layya? Ku dubi 'yan kallo lokacin da aka haska 21-1 a allo: wani ya ɗora hannu a ka, wani baki sake, fili ya yi tsit. Shi kuwa daga nan asibiti aka wuce da shi saboda buguwar da ya yi a kai. Cin amana aka yi wa sadaukin nan.

Abu Sadik: Sadauki kuma? Haba malam. Mutumin da ake rubuta masa nasara tun kafin ya fito? Vince McMahon, mai kamfanin kokawar a lokacin, shi ne ya ba shi 21 ɗin, shi ne kuma ya karɓe abinsa. Ka ce gwanin wasa, ban musa ba, amma kalmar sadauki ta yi masa yawa.

Baban Khalifa: Abu, an rubuta wanda zai ci, amma an rubuta wa ƙashi kada ya karye? A Yunin 1998 a Pittsburgh, da karyayyar ƙafa ya hau saman kejin ƙarfe, ya wurgo abokin karawarsa Mankind ƙasa, ya faɗo kan teburin masu sharhi. Wanda ya yi shekara 30 cikin wannan wahala, daga 1990 zuwa 2020, me za a kira shi?

Abu Sadik: To ai Mankind ne sadaukin a labarinka, tunda shi aka wurgo.

Na Dosso: Ku yi haƙuri 'yan'uwa, sunan kokawa ma kuke ɓatawa. Sadauki shi ne irin su Issaka Issaka, ɗan kokawar gargajiya na Nijar, wanda ake kama wa ƙugu a kan yashi, gaban dubban mutane, ba wanda ya san mai faɗuwa, ya kuma ɗauki takobi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Maman Ihsan: Malam Na Dosso, kowane zance sai ka kai shi gida? Muna maganar Amurka ne. Ni dai ina ƙarama, da an ɗauke wuta a fagen, ƙararrawar nan ta buga, manajansa Paul Bearer ya fito rungume da ɗan tulunsa, bayan yayana nake ɓuya. Duk unguwarmu an yarda ya mutu ya dawo.

Na Dosso: Hajiya, kin gama mini magana. Abin tsorata yara ne.

Cena Ɗan Gombe: In ana ƙirga kambun duniya, na Undertaker bakwai ne kacal. Ric Flair 16, John Cena 17. Wa ya fi cancantar sunan?

Baban Khalifa: Ƙanena, shekararka nawa lokacin da Undertaker ya ƙwace kambu a hannun Hulk Hogan a 1991? Mu a kaset muka kalla, ana biyan kuɗin shiga, ana zama a tabarma.

Cena Ɗan Gombe: Kambun da Hogan ya karɓe bayan kwana shida? Kuma Baba, kada ka raina ni don shekaru. Tsufa ba hujja ba ce.

Baban Khalifa: Wa ka kira tsoho? Ka iya bakinka.

Abu Sadik: Shi ya fara ce masa yaro, kowa ya gani.

Ɗan Fagge: Don Allah a dawo kan zancen. Tambayata ita ce, ya dace a karya tarihin ko bai dace ba?

Na Dosso: Ni dai a janye kalmar sadauki tukuna.

Maman Ihsan: Ba za a janye ba. Shawn Michaels ya gwada a 2009 da 2010, Triple H har sau uku, duk sun koma da kunya. Ku je ku kalli na 2009 ɗin, sannan ku zo mu yi magana.

Mai kula da zaure: Na rufe nan, tunda an fara taɓa mutunci. Abin da na fahimta, mafi yawanmu mun yarda Undertaker sadauki ne, kuma an zalunce shi a 2014, aka sake maimaitawa da Roman Reigns a 2017. Ko da haka 25-2 ya tashi da shi, ba wanda ya kama ƙafarsa. Abu Sadik da Na Dosso ba su kawo wata hujja ba, musu kawai suka yi. Kai kuma Ɗan Gombe, ka ba Baban Khalifa haƙuri, ya girme ka.