Na yi ritaya, zaman gida yana neman kassara ni

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Na cika shekara 35 a aikin gwamnati, galibinsu a Sakatariyar Audu Bako da ke Kano, na ajiye aiki wata bakwai da suka wuce ina ɗan shekara 58. Alhamdu lillahi ba yunwa ce ta dame ni ba, yara sun kama ƙasa. Abin da ke cina shi ne safiya. In na dawo daga Asuba sai in yi wanka, in saka kaftani mai guga, in kafa hula, sannan in tuna ba inda za ni. Rannan uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, yau kuma ina aka nufa?" Wallahi kunya ta kama ni. Wayar da da ba ta hutawa, yanzu sai ta wuni ba wanda ya kira. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni shawara.

Tsohon hedimasta, Gwammaja: Wa alaikumus salam. Alhaji, na riga ka shiga layin da shekara shida. Ni makarantar zaure na koma, na ɗauko fiƙihun da na watsar tun ina saurayi. Ka zauna a tabarma ɗaya da sa'an ɗanka, ka yi kuskuren wasali malam ya gyara maka a gaban kowa. Satin farko da ɗaci, amma daga nan kullum kana da biyawar gobe, ga muraji'a da dare. Hular nan taka za ta samu wajen zuwa.

Ɗan kasuwa, Kwari: Baba, abu ɗaya zan roƙe ka. Kada kaɗaici ya sa ka kwashi giratuti ka buɗe shago a Kwari ko Singa. Mun ga da yawa, bashi ke cinye su kafin shekara ta zagayo. In noman rani ne ma a Kura, fara da 'yar gona kaɗan tare da wanda ya san ruwan wajen.

Wata uwa, Tarauni: Ni dai Hajiya nake tausayi. Namu da ya yi ritaya kicin ya dawo, har magi yake ƙirgawa. Alhaji, a fita ko zumunci ne, a bar mata gidanta ta sarara.

Matashi, Rijiyar Zaki: Baba, mutumin da ya shekara 35 yana rubuta takardar ofis ai mu nemansa muke. A layinmu an yi wata uku ana son kai koke kan magudanar ruwa, an rasa mai tsara wasiƙar. Ga zawarawa masu bin haƙƙin mazajensu, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Hajiya, maganar magi ta same ni, jiya ma sai da na yi. Ɗana na Rijiyar Zaki, turo min bayanin magudanar nan ta akwatin saƙo, da sunan layin da na mai unguwarku.