Kukar da ke tsaye ita kaɗai a dajin tsibirin Sent Jon: wa ya taɓa isa gindinta?

Malam Na-Dutse: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan Maris aiki ya kai ni Sent Tomas, ɗaya daga cikin tsibiran Virgin da ke hannun Amurka a tekun Karebiyan, kuma da na sami hutun yini guda sai na shiga jirgin fito daga Red Hook zuwa Cruz Bay da ke tsibirin Sent Jon, tafiyar kamar minti 20. Direban tasin da ya ɗauke ni, da ya ji daga Najeriya nake, ya ce akwai bishiyar ƙasarmu guda ɗaya tak a tsibirin, can cikin gandun dajin gwamnati, a kan hanyar ƙafa da ake kira L'Esperance. Na ɗauka daɗin baki ne irin na masu neman kuɗin baƙo, amma na ce ya sauke ni a bakin hanyar. Na gangara ta tsohuwar hanyar keken shanu ta zamanin Turawan Denmak, na wuce kangon wani gida da wani tsohon kabari, na yi ta tafiya cikin inuwa babu kowa sai ƙananan ƙaguwa masu yawo da gidan katantanwa a bayansu, har na kai kufan gonar Sieben. Ina ratsa wata 'yar siririyar hanya sai ga kuka a gabana, ta kaɗe ganye, da fatar nan tata mai santsi kalar toka, kamar wadda ke bayan gidanmu. Ban san lokacin da salati ya kuɓuce mini ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labarin yadda ya same ta.

Hajiya Uwar Biyu: Wa alaikumus salam Malam. Ni a watan Agusta na je, ɗana da ke aikin jinya a Amurka ne ya kai ni, kuma na tarar da ita da ganye kore shar, mai yatsu biyar kamar tafin hannu. Shekara biyu ke nan rabona da ɗanyen ganyen kuka, sai garin da ake aiko mini a leda, wanda kafin ya iso ƙamshinsa ya riga ya gudu. Hannuna ya kai ga wani ƙaramin reshe kafin hankalina ya kai, har na fara lissafin inda zan shanya shi a inuwa don kada rana ta dafe shi. Sai yaron ya riƙe mini hannu ya ce, "Umma, gandun gwamnati ne, doka ta hana a tsinki ko ganye ɗaya." Na saki, amma raina bai so ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a gida ba ka ganin kuka da cikakken jiki: an sassabe rassanta don miya, an ɓare gindinta don igiya, yara sun kafa mata turaku suna hawa. Wannan kuwa ba wanda ya taɓa neman kome a wajenta sai hoto. Na ɗaga kai na duba ko zan hangi ƙwame ko guda, ban gani ba, sai na ce wa yaron, mu da muke cewa ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, ga wadda ta huta da jifa, amma ni ban yi mata murna ba.

Ɗan Zango: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni haifaffen Nima ne a Ankara ta Gana, kuma abin da ya kai ni Sent Jon tarihi ne, kukar daga baya na ji labarinta. Turawan Denmak sun kafa zama a tsibirin a 1718, suka sare daji suka shuka rake da auduga, kuma bayin da suka yi musu wannan bautar da yawansu daga gaɓar tekunmu aka kwaso su, ta gidan Christiansborg da ke Osu, wanda tun ina yaro nake wucewa ta gabansa. A watan Nuwamba na 1733 bayi 'yan ƙabilar Akwamu ta ƙasar Gana ta yau, waɗanda aka sayar bayan an ci daularsu da yaƙi, suka ɓoye wuƙaƙe cikin daman itacen wuta, suka shiga ganuwar sojojin da ke Coral Bay suka ƙwace ta, suka riƙe mafi yawan tsibirin kusan wata shida, sai da aka kawo sojojin Faransa daga tsibirin Martinik a 1734 kafin aka murƙushe su. Ba a 'yanta bayi a tsibiran ba sai 1848.

Da wannan a zuciyata na tsaya a gindin bishiyar. Mutanen tsibirin suna cewa bayi ne suka zo da irinta, kuma a tsibiran nan ana yi wa kuka laƙabi da tsamiyar Gini, wato sunanta ma yana nuna inda ta fito. Ƙwayar kuka ƙarama ce, ɓawonta kamar ƙarfe, tana iya tsallake teku ba ta lalace ba, garin ƙwame kuma guzuri ne mai jimirin tafiya. Sai dai ina jan hankalin 'yan'uwa kada mu yi saurin cewa Bahaushe ne ya shuka ta, kamar yadda wani abokin tafiyata ya dage. Kuka tana fitowa a filayen Ankara har kusa da teku, kuma masu jiragen ruwa ma suna yawo da irin itatuwa daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Baban Sadiku: Ni dai na je amma ban gan ta ba, kuma laifina ne. Bishiyar ba a kan babbar hanyar take ba, sai mutum ya ratse, ni kuwa na sa kai na wuce mararrabar ina sauri, har na tsinci kaina a ƙasa wajen kangon masana'antar sukari ta Reef Bay. Gorar ruwa ɗaya na ɗauka, ta ƙare, ga hawan dutse yana jirana a komowa, ga rina ta harbe ni a wuya. Da na sake biyowa ta wurin ƙafafuna sun riga sun mutu, ban ko waiwaya ba.

Malamin Gandu: Allah ya kiyaye gaba, Baban Sadiku. Na yi shekaru ina aikin gandun daji tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma abu na farko da aka koya mana a daji shi ne, in ka ga kuka ta taru a inda babu gari, to ka duba ƙasa, za ka ga tsingaro da tsohon dutsen niƙa, domin kufai ne. Kuka bin mutum take yi. Kukawa ta Borno ma daga gare ta ta samo suna. Saboda haka da na isa Sieben ban fara da kallon sama ba, ƙasa na duba, sai ga ragowar bangon dutse da saiwoyi suka tsattsaga, da ɓaraguzan kwalabe. Dajin da ya rufe wurin duk sabon tohowa ne bayan an daina noma, kuma tun da aka mai da wajen gandun ƙasa a 1956, da filayen da attajirin Amurka Laurance Rockefeller ya saya ya bayar, ba a sake sa gatari ba. Wannan ya cece ta daga sara, amma ya matse ta, domin kuka itaciyar fili ce mai son rana, ƙananan 'ya'yanta ba sa tashi a ƙarƙashin inuwa mai duhu irin wannan. Ga kuma sha'anin fure: da dare farin furenta yake buɗewa, jemagu ne ke ɗaukar garinsa daga wannan bishiya zuwa waccan, kuma kukar da ba ta da 'yar'uwa a kusa takan yi fure ya zube a banza. Ina jin abin da Hajiya ta gani ke nan.

Na tsallaka tsibirin Sent Kuroi, inda kukoki suke da dama, na ga ta Grove Place wadda ke tsakiyar mutane, inda a da ma'aikatan gonakin rake suke taruwa su saurari jagoransu David Hamilton Jackson. A can wata tsohuwa ta ce mini ba a zama gindinta da dare saboda abin da suke kira jumbi. Na yi dariya na ce mata mu ma a wajenmu gidan iskoki ce, kakata ba ta barinmu mu je kusa da ita da tsakar rana ko da almuru.

Inna ta Damagaram: Mun je ni da maigidana bayan guguwar Irma da Mariya da suka afka wa tsibirin a watan Satumba na 2017. Hanyar ta sha wuya, manyan itatuwa sun faɗi an yanyanka su an jingine a gefe, sarƙaƙiya mai ƙaya tana kama zane, rana kuma tana dukan mutum a wuraren da a da inuwa ce. Muna tafe ina cewa a raina ba za mu tarar da ita ba, sai ga ta tsaye. Abin da ya ɓata mini rai shi ne rubutun da wasu suka kankara a jikinta da wuƙa. Maigidana ya buɗe hannuwansa biyu ya rungume ta, bai ci ko rabin gindin ba.

Malam Na-Dutse: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Sadiku, in Allah ya sake kai ka, ka fita da sassafe da gorar ruwa biyu da dogon wando, kuma da zarar ka fara ganin bangon dutse a cikin ciyawa ka rage sauri ka riƙa duba gefen hanya. Hajiya, ni ma da ganye na tarar da ita ban san ko zan iya riƙe hannuna ba. Wani ɓawon reshe da ya bushe ya faɗi na ɗauka na murza a tafin hannu, zaren nan na igiya ya fito, na shaƙi ƙamshinsa, sannan na mayar da shi gindinta na kama hanyar hawa kafin jirgin yamma ya bar ni.